Ƙwan da Hajiya Ta Soya

"Wayyo! Ina ƙwan da na bari a akwatin nan?"

Dakta, kamar yadda mijinta ke kiran ta tun kafin ta sami digirin, ta tsaya tsakiyar falo, hannu a ka. Janaretan ɗakin gwaje-gwajensu ne ya lalace, shi ya sa ta kawo ƙwan bincikenta gida cikin akwatin ɗumi. Aikinta nazarin yadda halitta ke somawa, tun daga ɗigon jini har ta zama ɗan tsako, kuma digirinta na uku a kan ƙwan nan ya rataya.

Hajiya, uwar mijinta da ta zo kwana biyu, ta leƙo daga kicin. "Na soya wa ɗana. Wasu ma duk jini ne, na zubar. Shekara nawa da aure ba ki goya ko ɗaya ba, sai renon ƙwai! Yau ki zaɓa: ko aikin nan, ko gidan nan."

Mijin, da ke cin ƙwan, ya ajiye cokali. "Haba Hajiya…"

"Rufe min baki!"

Dakta ta shiga ɗaki, ta fito, ta koma. Ta ɗauki jaka, ta ajiye. Tana son mijinta, tana son aikinta, ga baƙar magana na cin ta a baki. Mijin ya biyo ta. "Sori, Dakta. Mu faɗa mata kawai, na gaji da ɓoyewa."

Ƙwai ɗaya ya tsira a lungun akwatin. Dakta ta saki labule, ta durƙusa gaban Hajiya, ta haska shi da tocila. A ciki wani jan ɗigo na bugawa.

"Zuciyarsa ce, Hajiya. Daidai nan cikina yake lalacewa, har sau biyu. Mun ɓoye miki ne don kar ki damu. Dalilin nake nema."

Hajiya ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba. "Ni ma na yi ɓari kafin in haifi wannan. Ki yafe min, 'yata." Sai ta zabura. "Ke, mayar da shi, kar ya sha sanyi!"

Digirin ya makara, amma ya zo. Ranar karɓarsa Hajiya ce goye da jikarta, tana gaya wa kowa surukarta Dakta ce. Da Dakta ta rama da baki ranar da aka soya ƙwan, da ta rasa miji da uwa. Haƙuri da faɗin gaskiya ne suka riƙe mata gidanta.