Randunan Da Jumare Ya Liƙe

Hajiya Maiturare na tsakar gida tana tsince zabibi, 'yarta Sharifa na gefe tana guga, sai ga sallamar Jumare daga bakin ƙofa.

"Umma, don Allah a zo a ga randunan nan."

Gidan mijinta, Alhaji Abdussamad, a Jurf yake, gefen Madina, cikin gonar da mahaifinsa ya dasa a bakin kwarin Aƙiƙ. Jan inabi suke nomawa, rabi a shanya, rabi a matse a yi ruwan khal, wato ruwan tsamin da ake sawa a abinci, wanda babu Bahaushen Madina da bai san ɗanɗanonsa ba. Jumare kuwa mutumin Tawa ne ta Nijar, shekararsa huɗu yana yi wa Alhaji aiki da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi. A kakar inabin 1983 aka yi masa alkawarin Sharifa.

To, ƙa'idar gidan ita ce a rufe randa da ƙyalle mai shara-shara, don iska ta riƙa shiga, ruwan ya yi tsami maimakon ya tsaya giya. Alhaji ya tafi Yanbu bayan an gama matsa, sai Jumare ya ga ƙananan ƙudaje sun yanyame randunan. Bawan Allah, garin neman burge surukai ya kwaɓa laka ya liƙe bakin duk talatin ɗin, yadda ake liƙe rumbu a garinsu.

Tun daga ƙofar ɗakin randunan warin ya bugi Hajiya. Ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Jumare, giya ka yi mana? A Madina?"

Sharifa ta fashe da kuka. Hajiya ta leƙa waje, ta dawo ta rage murya.

"Saurara, ɗana. Ɓare lakar nan, ka mayar da ƙyalle. Kafin Alhaji ya dawo tsami ya fara kamawa. Khalas, babu wanda ya ji."

"Umma, ai shi bai yarda da khal ɗin da aka bari ya zama giya ba. Kuma mutane za su saya su kai gidajensu."

"Kana son yarinyar nan ko ba ka so?"

"Wallahi ina sonta," in ji shi, idonsa ya kaɗa. "Amma ba zan iya zama gabansa ina cin tuwonsa da wannan a cikina ba."

Ranar da Alhaji ya dawo, ko takalmi bai cire ba Jumare ya durƙusa ya faɗa masa komai. Sharfuddeen, yayan Sharifa, da ma bai taɓa son auren ba, ya samu abin da yake nema.

"Abba, na faɗa! 'Yar ƙasa guda a ba mai iƙama? Yallah, a buga masa khuruj, hatimin fita, ya koma inda ya fito!"

Alhaji ya sa aka haƙa rami a ƙarshen gona, Jumare ya riƙa ɗauko randuna ɗaya bayan ɗaya yana tuttulewa. Aikin shekara guda ya bi ƙasa, jawur. Da aka gama, Alhaji ya ce, "Maganar aure a ajiye ta." Daga ranar bai ƙara yi wa Jumare magana ba sai ta aiki.

Wata tara aka yi a haka. Hajiya ta daina aika masa shayi, haushinsa take ji, wai ya watsa mata ƙasa a ido. Sharfuddeen ya kawo abokinsa Badaru, ma'aikacin matatar mai, da motarsa sabuwa fil. Sharifa ta fito ta gaishe shi da ladabi, ta koma ciki ta ce, "Umma, ku yi haƙuri, ni fa ina nan inda Abba ya fara ajiye ni." Ta rame, har awarwaronta na zamewa. Shi ma Jumare yana ta sassabe da ban ruwa, ko ɗaga kai ba ya yi in ta gifta.

Iƙamarsa ta zo ƙarewa. Da hantsi Alhaji ya kira shi falo, ga kowa zaune, ga takarda a hannun Alhaji. Jumare ya riga ya ɗaure jakarsa tun jiya.

"Sharfuddeen, karanta masa."

Sharfuddeen ya fara karantawa da ƙarfinsa, sai muryarsa ta mutu. Takardar izinin aure ce daga hukuma, da sunan Sharifa da na Jumare.

"Tun satin da ka zubar da randunan nake zaryar takardar nan," in ji Alhaji. "Na yi fushi, ba zan ɓoye ba, ka yi mini ɓarna. Shirun kuma ina so ne in ga ko za ka gudu. Wauta ana koya wa mutum ya daina. Amma wanda ya zo ya faɗa mini abin da zai raba shi da 'yata, in na mutu ba zai ha'ince ta ba."

Hajiya ta rufe fuska da mayafi tana kuka. "Ka yafe mini, ɗana, ni na so in sa ka a hanyar banza."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. 'Yan'uwa matasa, in kun yi kuskure ku faɗa da bakinku, ku jure abin da zai biyo baya. Da Jumare ya bi shawarar ɓoyewa, da ya auri Sharifa wata tara kafin haka, amma da har ya mutu ba zai iya haɗa ido da mahaifinta ba.