Kifin da Ma'u Ta Kai Marina

A ranar su, wato bikin kamun kifi, a tafkin Baturiya, Ma'u ta fara ganin Inuwa, tun kafin zuwan Nasara. Yana kwance kan gora, homar kamun kifi a hannu, amma idonsa na bakin gaɓa inda take tsaye. Tarwaɗar da ta fi girma ita ya miƙa wa. Shi ke nan, zance ya ƙullu.

Babanta bai so ba. Ya ce yaron nan jikinsa ne kawai a ruwa, hankalinsa na cikin ganuwar Haɗeja. Ma'u ta yi ta kuka har tsohon ya haƙura.

Ai kuwa, da kaka Inuwa ya tafi birni koyon rini. Iya Gumsu mai kai banda kasuwa ce ke kawo saƙonsa: "Ki gaya wa Ma'una, a nan ba ambaliya, mata ba sa shiga taɓo. Zan ɗauke ta." Ma'u ta ƙi manema, har da Hamman mai garken shanu.

Daga baya saƙon ya ɗauke. Sai ta zaɓi kifi, ta yi bandarsa da hannunta, ta bi Iya birni. Cunkoso da ƙura suka ruɗa ta, ga mutane na wucewa ba gaisuwa.

A marina ta same shi cikin abokansa, hannu baƙi ƙirin da shuni. Ta durƙusa yadda ake yi a gida, ta ajiye ƙwaryar kifin. Abokan suka toshe hanci suna dariya. Ashe ya gaya musu shi ɗan fatake ne.

"Ba ma saye, 'yar ƙauye," in ji Inuwa. "Yi gaba."

Ba ta yi kuka ba sai da suka fita ƙofar gari. Cin amana da ciwo, balle daga wanda ka saɓa wa ubanka dominsa.

Da Inuwa ya ji za a ba Hamman ita, ga shi nan a ƙauye afujajan, yana rantsuwa kunya ce ta kwashe shi. Babanta ya ce a tambaye ta.

"A gaban mutane ka wulaƙanta ni," ta ce. "Ba a zaure za ka ba ni haƙuri ba."

Ranar kasuwa Inuwa ya shiga marina da kwandon banda a ka, Ma'u na biye. Ya ce, "Wannan Ma'u ce, 'yar masunta. Ni ma ɗan masunta ne. Ita zan aura." Aka yi masa dariyar da ta fi tata, ya tsaya ya shanye.

Bayan ruwa ya janye aka ɗaura aure a ƙauye, dattawa suka sa albarka, Allah Ya ba da zaman lafiya. Ma'u ta yafe masa, tana kuma son abinta. Amma birni dai, ta ce, sai dai ya riƙa zuwa shi kaɗai.