Muryar Baba a Wayar Kowa

Ranar da Ummukulthum ta fara ganin Ubaidullahi, kujeru yake jerawa a wani ɗakin taro a Gwarzo. Ya naɗe hannun riga kamar shi ne mai masauki, alhali duk wurin babu baƙon da ya kai shi nisa, don daga Maraɗi ya zo. Ita da ta taso daga nan Dugabau ta ƙasar Kabo, sai da ta makara.

"Ga kujera, Malama. Kin zo lahiya?"

Ta amsa, ta zauna, ta ƙudura a ranta ba za ta sake kallonsa ba. Ƙudurin bai kai azahar ba.

Taron na matasan Najeriya da Nijar ne, waɗanda suka gaji da zage-zagen da ke yawo a wayoyi tun lokacin da aka rufe boda. Ƙa'idarsu ɗaya ce, kuma mai nauyi: ba ka mayar da martani in an zagi naka. In ɗan Nijar ya yi zagi, 'yan Nijar ne za su neme shi su zauna da shi. In ɗan Najeriya ne, wanda ya fi kusa da garinsu shi zai je, ido da ido, ba a waya ba.

Aiki ya sa suka karɓi lambar juna. Haka dai suka ce, mu kuma ba mu musa ba. Wata bai zagayo ba saƙonnin suka sauya launi.

"Gimbiyar Dugabau, yau na zauna da wani yaro da ke zagin Kanawa. Na ce masa ni fa akwai Bakanuwar da in ba ta gaishe ni ba, shayi ma ba ya yi min daɗi. Ya yi dariya ya goge rubutun."

Ta mayar masa: "Ɗan Maraɗina, kar ka riƙa sa ni cikin aikin ƙungiya. Amma ina kwana, je ka sha shayinka."

Har ya fara zuwa zance, an san da shi a gida. Mahaifinta Malam Baƙo bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce a bari a ga kamun ludayin yaron.

Ana cikin haka aka sace san huɗar Malam Baƙo, ga damina ta kankama. Wani ya ce an ga an kora shi arewa. Ran dattijo ya ɓaci, ya zauna a majalisa ya faɗi abin da bakinsa ya ga dama. A gefe kuwa akwai Tasi'u mai cajin waya, wanda ya daɗe yana son Ummukulthum tana kauce masa. Shi ya danna waya ya naɗi maganar, ya sake ta.

Da hantsi saƙon ya faɗo guruf ɗin ƙungiya. Tana kunnawa ta gane muryar mahaifinta. Muryar da ta koya mata Fatiha ce take cewa 'yan Nijar duk ɓarayi ne, duk wanda ya ba su masauki a kore shi tare da su. Kafin yamma an kifar da teburin wani mai shayi ɗan Nijar da ya yi shekara da shekaru a tashar Kabo.

Shugabar guruf ta rubuta: "An ce daga Dugabau ne. Ummukulthum, ke ce kusa."

Ba su san wane ne ba. Ubaidullahi ya sani, don ya sha durƙusawa gaban wannan murya. Ta jira ya kira, bai kira ba. Ta tura masa sallama, shiru. Ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, don ta gama yanke cewa ya bar ta, kuma a gaskiya ba ta ga laifinsa ba.

Sai bayan kwanaki saƙonsa ya shigo.

"Hasken idona, ki gafarce ni. Na ji tsoron in na buɗe baki in faɗi abin da zai taɓa Baba, shi ya sa na kame. Ina nan ina bin namu da suka fara ramawa, gida gida. Amma ba zan ɓoye miki ba, Inna ta ji. Ta ce ba za ta kai goro gidan da ake kiranta ɓarauniya ba. Ban fasa ba. Nawa ɓangaren ina kai, naki yana hannunki."

Nata ɓangaren kuwa shi ne abin da ba a yi. Ina aka taɓa ganin 'ya ta zaunar da ubanta ta ce ya yi kuskure? In ta yi shiru ta rasa Ubaidullahi, in ta yi magana da gatsali ta rasa albarka. Ta daɗe tana juya abin a ranta.

Bayan la'asar ta dama fura ta kai masa zaure, inda yake zaune yana tufkar igiya. Ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba, aiki aka ba ni a kan wata magana, na rasa yadda zan tunkari mai ita. Babba ne. Na ce bari in nemi shawararka."

"Mu ji."

Malam Baƙo ƙaramar waya gare shi, ta kira kawai, kuma bai taɓa jin muryarsa daga waje ba. Ta kunna masa saƙon a wayarta. Ya saurara, ya yamutsa fuska.

"Wannan wane ne bakinsa ba linzami? Mutum da furfurarsa, ka ji shi fa."

Sai muryar ta ce, "sana mai farin goshi." Igiyar ta tsaya a hannunsa. Ya saurari saƙon har ya ƙare, kaji na ta tono a bakin ƙofa.

"Har ina wannan ta kai?"

"Ta tsallaka boda, Baba. Kuma an kifar da teburin mai shayin tasha."

"Wanda yake ƙara min madara ko ban tambaya ba?"

"Shi."

Ya ajiye igiyar. Ita kuma tana jiran ya kore ta.

"To ku a ƙungiyar taku, me kuke ce wa irin wannan mutumin?"

"Ba ma ce masa komai, Baba. Kunna masa muke yi ya ji."

Ya sauke numfashi, ya gyara zaman hularsa kamar wayar tana ganinsa.

"Danna, ki riƙe min da kyau."

Ya faɗi sunansa da na garinsu. Ya ce shi ne mai waccan magana, fushi ne ya sa shi, bai ga ɓarawon da idonsa ba, kuma ko da ya gani, mutum ɗaya ba ƙasa ba ne. Ya roƙi gafara ba tare da kwana-kwana ba.

Sabon saƙon bai yi gudun na farko ba, irinsa ba ya yi. Shi ya sa dattijon ya bi shi da ƙafa. Ya je tasha ya sha shayi wurin ɗan Nijar ɗin nan a bainar jama'a. Da hanya ta samu kuma ya hau mota har Maraɗi, shi uban mace, abin da ya sa 'yan majalisa suka riƙe baki. Ya yi sallama a ƙofar Hajiya Halimatu Sa'adiya, mahaifiyar Ubaidullahi.

Daga bayan labule ta ce, "Malam, muryar na gane ta tun daga sallama. A da ta ɓata min rai, yau ta wanke. A ba mu ɗiyar."

San huɗar dai ba a gan shi ba har yau. Tasi'u kuma wani ɗan ƙungiya ya je ya zauna da shi, yadda aka saba.

Bayan kaka aka ɗaura aure a Dugabau. Motocin Maraɗi suka cika ƙofar gida, mai shayin tasha ya kafa teburinsa yana zuba wa kowa. Ango ya faki ido ya tura saƙo: "Gimbiya, an shafa Fatiha. Yau ke ce kusa, har abada."

Da aka kawo amarya yin sallama, ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka cikin mayafi. Ya ɗora hannu a kanta.

"Sau ɗaya kika gyara min a rayuwa, kuma kanki a ƙasa kika yi. Je ki, na yafe miki duniya da lahira. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki abin da kika yi min."

Mata suka amsa da amin, aka kama hannunta zuwa mota.