Ƙorafi Uku Daga Rariya

Ladanin masallacin layinsu yana tsakiyar kiran sallar magariba, Sabuwa tana kicin tana soya albasa, mijinta Lawali yana bakin famfo da hannun riga a naɗe, sai wani abu ya faɗo tsakiyar falo, tim. A hawa na huɗu suke zaune a unguwar Hayyin Ashir ta birnin Alƙahira, kuma tagogi a rufe suke saboda sanyin Janairu. Ko a buɗe suke, babu yaron unguwar da jifarsa za ta kai nan.

Lawali ya fito da ruwan alwala a fuska. A kan tayil ga wani dunƙule rawaya kamar rabin gwanda, da huda a tsakiya inda ake ɗaure shi da noti. Bai ko sunkuya ba, don ya san abin. Jiya-jiyan nan ya wanke shi da hannunsa a wurin aikinsa, can Dokki, tafiyar fiye da awa guda a mota. Ya tsaya yana kallonsa har albasar Sabuwa ta ƙone.

Wurin aikin nan sai an yi bayani. Wani babban zaure ne a ƙarƙashin bene, an kafa masa bangwaye na katako, wasu a tsaye, wasu sun ranƙwafo, an manna musu duwatsun roba kala-kala. Mutane masu hankalinsu, likitoci da ma'aikatan ofis, su zo su shafa farin alli a hannu su riƙa hawa kamar ƙadangaru, ba igiya, in sun faɗo katifa mai kauri ta tare su. A garinsu Lawali, Gusau, wanda aka gani yana hawan bango ɓarawo ne. A nan kuwa tafi ake yi masa.

Karatu ya kawo Lawali Masar, karatun ya ƙare, shi bai koma ba. Yana da fara'a da zaƙin baki, shi ya sa mai wurin, Ustaz Isam, ya ajiye shi a teburin karɓar baƙi, ya kuma damƙa masa mabuɗin akwatin da ke bakin ƙofa. A akwatin nan masu hawa suke jefa katin ra'ayinsu: kiɗa ya yi ƙara, katifa ta yage, an gode da shayi. Duk Lahadi Ustaz Isam yake karantawa. Amma kafin Lahadi Lawali ya riga ya tankaɗe. Katin yabo ya kai wa maigida, katin ƙorafi ya tafi kwandon shara. Wanda kuma ya zo da bakinsa, amsa ɗaya ce, da murmushi da kalmar ban haƙuri ta Misirawa: "Ma'alish, mun gode da ra'ayinka, za mu duba." Bai taɓa duba komai ba. Wata bakwai a jere hotonsa na manne a bango, wai gwarzon ma'aikata.

Wankin duwatsu ma aikinsa ne. Gumi da alli suna sa su santsi, don haka duk Alhamis ake kwance wasu a wanke. Lawali ya gano tafasasshen ruwa ya fi saurin cire dauɗa. In ya gama, daidai faɗuwar rana, yana sauri kada mota ta cika, sai ya kinkimi bahon ya juye a rariyar da ke lungun baya, da abin jin waƙa a kunnuwansa. Da kakarsa tana raye da ta ɗauke shi da mari. Wa ke zuba ruwan zafi a rariya da magariba, ba ko bismilla? Ya sani sarai. Gani yake wannan maganar ƙauye ce, ba ta shiga zaure mai na'urar sanyi.

Kati na farko da ya tsinta a akwatin a kan wannan magana da ajami aka rubuta shi, da tawada irin ta allo, kuma duk ginin shi kaɗai zai iya karantawa. "Maƙwabci, ruwan zafinka a kanmu yake sauka. Ka sirka, ko ka yi bismilla mu kauce." Ya yi dariya, ya ce wani ɗalibi ɗan gida ne ke tsokanarsa, ya jefa a shara. Na biyu ya zo bayan mako: "Maƙwabci, mun yi magana." Na uku babu rubutu. Tafin hannu ne ɗan ƙarami da farin alli, yatsu uku suka fito, biyu sun naɗe. Wannan kam ya ɗan daɗe yana kallo, sannan ya bi da shi inda ya bi da sauran.

Wanda bai ji bari ba, ai zai ji hoho.

Kwana uku a jere, tsakanin kiran magariba da tayar da salla, duwatsun suna faɗowa a falon: ja, shuɗi, kore, daga silin da babu ko tsaga a jikinsa. Da an tayar da salla sai shiru, irin shirun da har firiji ke daina ƙugi. A rana ta biyu tafukan alli suka bayyana a bango, daga ƙasa suna hawa, dama, hagu, dama, har kusurwar sama. A ta uku Sabuwa tana wanke tukunya, sai ta ji muryar mijinta daga cikin ramin wurin wanke-wanke, a hankali, cike da fara'a, tana cewa za mu duba, za mu duba. Shi kuwa yana zaune a falo, bakinsa a rufe.

"Baban Khairat, kayan wurin aikinka ne fa," in ji ta. "Me ka taɓa?"

"Ni? Babu komai. Ki yi ta addu'a kawai."

Ba ya iya zama, ba ya iya tsayuwa. Ya share allin, ya tattara duwatsun a jaka ya mayar Dokki, ya dawo ya tarar da wasu. Tsoro yake ji, amma kunyar faɗin gaskiya ta fi tsoron ƙarfi.

A rana ta huɗu 'yarsu ɗaya tilo, Khairat, mai shekara tara, ta dawo daga hadda da zazzaɓi, yatsu biyu na hannun damanta sun naɗe sun ƙi miƙewa. Ana fara kiran magariba ta tashi daga kan kujera, idonta a buɗe amma ba kowa a cikinsa, ta dafa bangon nan mai sulɓi, ta hau. Ta bi tafukan allin ɗaya bayan ɗaya har silin, ta maƙale a can tana kallon iyayenta. Sai da aka tayar da salla ta sauko, ta kwanta, ta yi barci. Sabuwa ba ta yi kuka ba. Ta dubi mijinta ta ce, "Gobe ka zo da Malam Ja'afar, ko ni in je da ƙafata."

Malam Ja'afar mutumin Damagaram ne, siriri, mai ƙarancin magana, ya shekara goma sha biyu yana karatun hadisi a Alƙahira. Ya iso bayan la'asar, babu komai a hannunsa sai Alƙur'ani da gorar ruwa. Ya dubi bangon, ya dubi hannun yarinyar, sannan ya dubi uban.

"Malam Lawali, akwai abin da ka san ka yi?"

"Allah gafarta Malam, babu."

Malam bai ƙara tambaya ba. Ya zauna ya fara karatu, hasken taga yana ja da baya, hayaniyar masu shaguna a ƙasa tana lafawa. Lawali ya jawo katifarsu ɗaya ya shimfiɗa a gindin bangon. Da ladan ya ɗaga murya, Khairat ta hau kamar jiya, sai dai yau ba ta tsaya a kusurwa ba. Ta ratsa silin da hannu da ƙafa ta koma inda babu katifa. Ya ja katifar can, ta dawo nan. A ƙarshe ta tsaya a tsakiya, a kan tsurar tayil, ta saki ƙafafunta, ta rataye da hannu biyu a jikin ƙugiyar fanka, sannan ta naɗe jikinta har kanta ya kalli ƙasa.

Malam ya ɗaga karatu. Bakin yarinyar ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a dishe, da Hausar da ba a ƙara yin irinta.

"Sassauta, Malam. Ba kafira kake ƙonawa ba."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"A'i. Da ayarin alhazai muka taso daga Katsina, tun ana zuwa a ƙasa. Ciwo ya tsayar da mu a nan. Muna ramin nan tun kafin a ɗora masa bene. Suka zo da kiɗansu da tsalle-tsallensu, muka yi haƙuri. Wannan kuwa ɗan gida ne, ya san abin da ya sani."

"In musulma ce ke, kin san abin da kike yi zalunci ne."

"Sau uku na rubuta masa, Malam. A karatunku sau nawa ake gargaɗi?"

Malam ya juyo ya dubi Lawali, kallon da ya fi zagi ciwo.

"Ya dafa hannun jikata," in ji muryar. "Hannu da hannu nake so."

"Yarinyar nan ba ta zuba miki ruwa ba. Wani rai ba ya ɗaukar laifin wani."

"To a yanka mini baƙin rago a bakin rariyar."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Ko kaza ba za ki samu ba. Nemi abin da yake haƙƙinki."

Ƙugiyar fanka ta yi kuka. Can tsohuwar ta ce, "To a ba ni amsa. Wanda ya rubuta ƙorafi, amsa yake jira."

Malam ya ce, "Bismilla, Malam Lawali."

Lawali ya buɗe baki. Allah ya sani da zuciya ɗaya ya buɗe shi, amma harshe abin da ya saba shi yake kawowa. "Ma'alish, Hajiya, mun gode da... za mu du..."

Hannun hagun Khairat ya saki ƙugiyar. Saura na dama, mai yatsu uku. Sabuwa ta ƙwalla ƙara ta durƙushe. Lawali yana gani yatsa ɗaya ya fara zamewa, fari fat da alli.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. "Ni ne!" ya ce, muryarsa ta fashe. "Ni na zuba, Baba. Na san ba a yi, na yi. Na karanta na farko na yi dariya. Na karanta na biyu. Na uku na gane hannun yaro ne, wallahi na gane, na jefa a shara don kada a ce an yi ƙorafi a kaina. Ban duba ba, ban taɓa niyyar dubawa ba. Ki yafe mini. In hannu kike so, ga nawa."

Daga masallaci aka ji liman yana gyaran murya.

"Me zan yi da hannunka?" in ji tsohuwar, kuma yanzu gajiya ce a muryarta, ba fushi ba. "Ka sirka ruwanka. Ka yi wankinka da hantsi. Ka ambaci Allah da ƙarfi, kunnena ya tsufa. Kuma ba ni kaɗai na kwana a kwandon nan naka ba."

"Na ji, Baba. Na ɗauka."

"Ki fita ta ƙaramin yatsan ƙafa," in ji Malam, "ki yi alkawari da Allah ba za ki dawo ba."

"Na yi. Ka tare 'yarka, maƙwabci."

Sau dubu Lawali ya gaya wa sababbin masu hawa yadda ake tare wanda zai faɗo: ka tsaya a bayansa, hannuwa sama, gwiwa a sake, ido a kan ƙugunsa, ka kare kai da wuya. Haddacewa ya yi, bai taɓa yi wa kowa ba. Yatsan ƙafar Khairat ya karkaɗa sau ɗaya, ta saki. Ya tare ta a kafaɗa, suka zube tare, gwiwar hannunsa ta daki tayil, kanta ya sauka a ƙirjinsa. Ta buɗe ido ta ce, "Abba, ƙishirwa nake ji." A nan Sabuwa ta fara kukan da ta riƙe tun jiya.

Duwatsu ba su ƙara faɗowa ba. Amma yatsun nan biyu suka ƙi miƙewa. Likita ya ɗauki hoto ya ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya. Malam Ja'afar ya ce a ci gaba da addu'a, ciwon da aka yi wa wani ba ya warkewa don an ce a yi haƙuri.

Ranar Lahadi Lawali ya ajiye mabuɗin akwatin a gaban Ustaz Isam, ya gaya masa inda katunan wata bakwai suka tafi. Na ajami ne kawai bai ambata ba. Ustaz Isam ya yi faɗa har wuyansa ya yi ja, ya cire hoton daga bango, amma bai kore shi ba. Hukuncin da ya yanke shi ne tare za su riƙa buɗe akwatin, kuma kowane ƙorafi Lawali ne zai nemi mai shi ya gaya masa abin da aka yi. Aka ɗinke katifar da ta yage. Aka rage kiɗa. Duk Alhamis da hantsi masu hawa suna jin wani a lungun baya yana rangaɗa bismilla kamar mai kiran kurma, su yi dariya su ci gaba da hawansu. Kullum ya dawo gida, kafin ya cire takalmi, hannun Khairat yake fara dubawa.

A mako na shida suna zazzage akwatin, Ustaz Isam ya ɗago wani kati yana juya shi.

"Wannan kuma fa, ya Lawali? Ba suna, ba lamba. Yabo ne ko ƙorafi?"

Tafin hannu ne ɗan ƙarami da farin alli, yatsu biyar a buɗe. Lawali ya laluba wayarsa, ya kira gida. Tana shiga Sabuwa ta ɗauka, ko sallama ba ta amsa ba.

"Baban Khairat, yanzu nake shirin kiranka. Ga ta nan zaune, da hannun dama take cin abinci."