Jar Lamba a Allon Koci Pyo

Ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin garin Yangyang, aka kwashe 'yan tseren keke zuwa tsohon shagon ajiyar dankali, aka kafe kekunan a kan na'urar da ake tuƙa su a wuri ɗaya. A nan Wonjae ya fara ganin Narae, 'yar Koci Pyo. Kekenta na gefen nasa.

"Sabon zuwa, ɗamararka a juye take," ta ce tana dariya.

Ɗamarar ƙirji ce mai auna bugun zuciya, lambar kowa tana fitowa a allon bango. Dokar Koci ta hunturu kuwa guda ce: a yi doguwar tafiya a hankali, lamba ta tsaya kore. Wanda ya cika yin ja, yana ƙona ƙarfinsa ne tun kafin bazara, sai dai ya tarar da jakarsa a bakin ƙofa.

Wonjae bai gama gyara ɗamarar ba lambarsa ta yi ja.

Haka aka yi ta yi fa. Fankoki na kaɗawa, gumi na ɗiga, yaro na murza feda a hankali kamar tsohuwa za ta cefane, amma da Narae ta miƙo masa gorar ruwa, allo ya tona shi.

"Gwani na gwanaye!" in ji Taegon, babban ɗan tseren ƙungiyar, wanda kowa ya san shi Koci yake wa tanadin 'yarsa. "Tseren wa kake son ci a cikin shagon dankali?"

Da aka tashi cin abinci, saƙonta ya shigo wayarsa:

"Barkonona, yau ma ka yi ja. Baba ya fusata. Don Allah ka rage gudu."

Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya rubuta:

"Ba gudu nake ba, Narae tawa. Ke ce."

"Na sani. Amma kada ka faɗa masa. Ya rantse duk ɗan ƙungiyar da ya neme ni ba da saninsa ba, ya gama hawa keke a hannunsa."

To, ga gaba kura, ga baya sayaki. In ya yi shiru a kore shi a kan taurin kai, in ya yi magana a kore shi a kan 'yar mutane. Ko ta ina ya bi, rasa Narae zai yi, abin da ya hana shi sakat ke nan.

Washegari Koci ya ja keken Wonjae tsakiyar fili, ya tura 'yarsa kicin.

"Hau. Yau zan zuba maka ido da kaina. Ka yi ja, ka kama hanyar gidanku."

Wonjae ya hau. Ya kafe idonsa a kan tayar gaba. Tun hantsi ake abu ɗaya, lamba kore shar, har Koci ya fara sakin fuska.

Taegon ya ga abin zai wuce. Munafukin ya daɗe da gano bakin zaren, sai ya leƙa kicin ya ɗaga murya: "Narae, Koci na son shayi!"

Ta shigo da tire. Ƙafafun Wonjae ba su ƙara gudu ko kaɗan ba, amma lamba ta fara hawa, ta yi ruwan ɗorawa, ta yi ja wur.

"Sauka," in ji Koci.

Ya sauka ya tsaya ƙyam, jar lambar ta ƙi sauka. Koci ya dubi allo, ya dubi yaron.

"Mutum na tsaye zuciyarsa na tsere? Ciwo gare ka ka ɓoye mini?"

Wonjae ya durƙusa har goshinsa ya taɓa siminti. "Ba ciwo ba ne, Koci. Narae nake so, da aure."

"Ɗauki jakarka."

"Baba," in ji Narae, tana ajiye tire. "Kafin ya tafi, dubi ƙasan allon."

Ashe ba ta cire tata ɗamarar ba. Ga sunanta can ƙasa, ja wur, har ta fi tasa. Taegon, da ya yi tsammanin shi ake so, ya sulale ya bar wurin.

Koci ya kafe allon da ido. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa baki na ƙarya amma allo ba ya yi, yau ta ina zai ƙaryata shi?

"Kekenka can kusurwar gabas, nata yamma, har ƙanƙara ta narke," ya ce da ƙyar. "Sannan ka turo iyayenka."

Da kaka aka ɗaura aure, aka ci taliyar biki bisa al'adarsu. Iyayen ango suka watsa wa amarya magarya a zani, suna roƙa musu 'ya'ya da zaman lafiya. Wonjae ya rusuna gaban surukinsa ya ce, "Na gode, Koci."

Tsohon ya share ido da bayan hannu.

"Koci a shago. A nan Baba za ka ce. Ku je, Allah ya yi muku albarka."