Ruwan da Aka Hana Baffa Tanimu

Ku matso. Uwani, daina zare ido, ai ban ma fara ba.

Kun san Barira, mai aikin nas? Baffa Tanimu ne ya riƙe ta tun tana tsumman goyo. Da ƙodarsa ta gaza, sai aka kwantar da shi a ɗakin da take aiki, ana yi masa wankin ƙoda. Ƙafafu sun kumbura. Fitsari sai ɗigo-ɗigo a jakar roba. Mai irin wannan ciwo kuwa ruwa ne ajalinsa, don in ya shiga ba ya fita. Da ɗan ƙaramin kofi Barira take auna masa. Ya yi roƙo, ya yi zagi. Sai ta kau da kai tana hawaye.

To, akwai wata tsohuwa a ɗakin. Kun dai san asibiti, kowane gado da masu jinyarsa a kan tabarma. Na wannan gado sun ɗauka ta wancan ce. Na wancan sun ɗauka ta wannan ce. Wa zai dubi mai furfura ya ce ke ta wa ce? Ba tarbiyya ba ce.

Zaninta har ƙasa yake ja. Muryarta kamar daga cikin tulu. Amma ga kirki. Ta juya marar lafiya, ta goge masa jiki, ta zubar da fitsari ba ƙyama. Barira ta saki jiki da ita. Inna take ce mata, kwano ɗaya suke ci.

Ran nan da magariba aka kira Barira wani ɗakin.

"Inna, ga amanar Baffa. Ko kuka ya yi, kada ki ba shi ruwa."

"Je ki, 'yar nan. Na riƙe."

Barira ta dawo ta tarar tsohuwar ta kafa masa ƙwarya a baki. Yana ta kwankwaɗa, ƙwaryar ba ta raguwa. Ruwan yana warin gansakuka. Barira ta fizge. Tsohuwa ta miƙe, zani ya ɗan ɗage. Dugadugai a gaba. Yatsu a baya.

"Inna, me na yi miki?"

"Ke ba komai. Shi ne ya cike rijiyata ya gina shago a kai. Ya bar ni da ƙishirwa. Ni kuwa ban iya rowa ba."

Ta bi lungun famfo ta ɓace. Sawunta a jiƙe, duk suna kallon cikin ɗaki.

Aka ruga da Baffa wajen injin wanki, amma ruwa ya riga ya hau ƙirji. Numfashi sama-sama. Ya buɗe ido yana neman tsohuwar, sai ya ga Barira riƙe da hannunsa. Ya zare.

"Allah ya yi wa baiwar Allahn nan albarka. Bare ta shayar da ni. Ke da na riƙe, ke kika hana ni."

Ya juya fuska ga bango. A haka ya cika.

Wallahi wannan ne ke ci mini rai har gobe, ba mutuwar ba. Wadda ta kashe shi ta tafi da albarka, wadda ta tsare shi ko yafiya ba ta samu ba.

Barira tana nan tana aikinta, tana auna wa mutane ruwa suna zaginta. Duk wanda ta gani a tabarma, komai furfurarsa, sai ta tambaye shi na wa ne. Marar kunya ake ce mata yanzu.

In jinya ta kai ku asibiti, kada ɗayanku ya bi lungun famfo shi kaɗai da magariba. Kuma kafin ku ba mutum amana, ku dubi ƙafarsa. Ku tashi ku kwanta.