Kwalabe Uku Daga Firjin Farfesa

Da safiyar Litinin aka kira Sufeto ɗakin gwaje-gwajen wata cibiyar bincike. Kwalabe uku sun yi ɓatan dabo daga firji.

Farfesa, wata dattijuwa mai furfura, a tsaye ta yi masa bayani. Da izinin hukuma suke tatso wani sinadari daga tabar wiwi, suna gwada ko zai kashe wata ƙwayar cuta dangin yis, mai cin baki da maƙogwaro, wani sa'in ta shiga jini. Wahalar shekara biyu ce a kwalaben nan.

Sufeto ya duba kwaɗon firjin, lafiyarsa ƙalau. Ga kuma ganyen wiwi cike da akwati, ko taɓa shi ba a yi ba.

"Mashayi ba zai tsallake wannan ya ɗauki kwalba ba. Wa ke da makulli?"

"Ni da mataimakina."

Mataimakin wani siririn mutum ne, idanunsa jajir. Ya rantse ranar Juma'a tun ƙarfe biyu ya tashi aiki. Amma mai shara ta ce ƙarfe biyar ta gan shi yana fita da 'yar kular ƙanƙara.

Sufeto ya sa ya zazzage aljihunsa. Katin asibiti ya faɗo, da sunan mace.

"Wace ce?"

"Matata, yallaɓai."

"Tana ina?"

"Jiya muka binne ta."

Daga nan bai ƙara musu ba. Ya ce tun da maganin ciwon daji ya karya mata garkuwar jiki cutar nan ta kama ta, har ruwa ya gagara haɗiyewa. Magungunan asibiti duk sun ƙi ci. Shi kuwa kullum yana kallon ƙwayar tana mutuwa a farantin gwaji. Sai ya ɗauko, ya riƙa ɗiga mata a cokali.

Farfesa ta zauna a hankali.

"A faranti ne kawai, ɗana. Ko ɓera ba mu ba ba. Ruwan da muka narka shi a ciki ma ba na sha ba ne."

Mutumin ya juyo ga Sufeto. "Ni na kashe ta ke nan?"

Shekara ashirin Sufeto yana yi wa mutane tambaya, yau shi aka yi wa. Ya ce likita ne zai faɗa. Ankwa na aljihunsa, bai ciro ba.

Mataimakin ya cire farar rigar aiki, ya ninke, ya bi shi. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Ƙarfe ɗaya ake tashin 'yan matana daga makaranta. Ba mai ɗauko su."

Farfesa ta share ido, ta ɗauki makullin motarta.